A Buɗe Mana Filin Gyaran Babur da Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi abin da ya same ni da babur ɗina, don na san ba ni kaɗai ba ne.

Ni tela ne. Gidana yana Unguwa Uku, kuma kusan kullum sai na shiga Kantin Kwari sayen yadi da zare. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, yawancin baburan da ke kan titi na masu neman abinci ne irina, su malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har masu mota da yawa suka dawo kan babur. In ya tsaya, sana'a ta tsaya.

Bayan Ƙaramar Sallah nawa ya soma wata ɗabi'a. In na zo hawa gadar Ƙofar Nassarawa da daurin yadi a baya, sai in murɗa totur, inji ya yi ta ihu, babur kuwa yana rarrafe. Na kai wani gareji, bakaniken bai ko tsuguna ba ya ce kulochi ya ƙone gaba ɗaya, sai an sake sabo. Ya yanka mini kuɗin da ya fi ɗinkin mako biyu.

Allah Ya haɗa ni da wani dattijo maƙwabcina, tsohon bakanike da ciwon baya ya zaunar. Ya matsa hannun kulochin sau biyu, ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaure maka wayar nan haka?" Ashe dole a bar wa hannun ɗan wasa kafin ya fara jan waya, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a ƙarshensa. In babu wannan wasan, tamkar kana tafe ne riƙe da kulochi rabi da rabi, faya-fayan ciki suna ta gogar juna suna cinyewa. Sai ya tambaye ni irin baƙin man da nake zubawa. Na ce na mota ne, ragowar na yayana. Ya girgiza kai. Kulochin babur a cikin baƙin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke hana faya-fayan kama juna. Ya ce in riƙa duba galan, in na ga an rubuta JASO MA, to na babur ne.

Faya-fayan sun riga sun ci, don haka muka sake su a zauren gidana ranar Lahadi. Na sayo su tare da sabon gaskit, muka jiƙa su a sabon mai tun da safe. Muka tsiyaye tsohon, muka buɗe murfin dama, Baba ya sa na jera kusoshin a kan kwali yadda suka fito, don ba tsayinsu ɗaya ba. Kusoshin sifirin kuwa ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a bar sauran. Kaɗan-kaɗan ake bi, wannan sannan na daura da shi, haka ma wajen ɗaurewa. Faifai mai fata, faifan ƙarfe, mai fata, na ƙarfe, yadda tsofaffin suke. Kafin la'asar na hau gadar nan ba tare da ihu ba.

Ba cewa nake yi kowa ya zama bakanike ba. Inda aiki ya kai ga babban notin tsakiya, akwai ƙarfen riƙewa na musamman, kuma Baba da kansa ya ce wanda ba shi da shi ya kai wa masu shi. Kanikawan kirki suna nan da yawa a garin nan. Amma mai babur ya cancanci ya san abin da ake gaya masa.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙanena. Irin su Boxer da Jincheng iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto balle famfon ruwa. Ƙanen nawa kuwa babban babur ya saya na hannu, mai lagireto, ya yi ta ɗura masa ruwan rijiya, ba wanda ya taɓa gaya masa ruwan sanyaya inji daban ne, yana da maganin tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Ruwan rijiya ya tara datti da tsatsa, suka cinye sil ɗin famfon, wato abin da ke hana ruwa yoyo. Akwai wata 'yar kafa a ƙarƙashin famfon da aka yi musamman don ta yi ɗigo in sil ya fara mutuwa. Ya yi wata guda yana ganin ɗigon, ya ɗauka ba komai, har wani ya ba shi shawarar ya toshe ta da gam. Da muka buɗe, baƙin man ya koma kamar shayi da madara. A zafin Afrilu na Kano, cikin cunkoson Dangi, sauran kaɗan injin ya ƙone. Kuma na ga yaro ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan ya watso masa a hannu.

Duk wannan yana cikin ɗan littafin da ke zuwa da babur, amma da Turanci ko rubutun Sin, in ma ba a yar da shi tun a shago ba. Shi ya sa nake roƙonku, Edita, ku ware ko da rabin shafi duk mako, ku samo tsofaffin kanikawa su yi bayani da Hausa, da sunayen da muke kiran kayan a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, da hoton kowane ƙarfe. Maƙwabcina ya ce in kun buɗe filin, a shirye yake ya fara da yadda ake saita wayar kulochi.

Naku mai karatu,
Wani tela daga Unguwa Uku, Kano