Tukaram na Indiya da waƙoƙin da muke bari suna salwanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi wa masu karatu bayanin wani mawaƙin Hindu, Tukaram, wanda mutanensa ke ɗauka waliyyi. Aƙidarsa daban, tamu daban, kuma ba ita nake tallatawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda waƙoƙinsa suka kusa shekara 400 a bakin talakawa, alhali namu na gida suna zubewa muna kallo.

An haife shi a farkon ƙarni na 17 a ƙauyen Dehu, kusa da birnin Pune a jihar Maharashtra. Ɗan kasuwa ne daga dangin manoma, ba daga gidan malaman Brahmin ba. Yunwar da ta auka wa yankin tsakanin 1630 da 1632 ta karya jarinsa, ta kashe matarsa ta fari da ɗansa. Daga nan ya juya ga bauta da waƙa, kuma da harshen Marathi na kasuwa ya yi ta, ya bar Sanskrit na malamai. Wannan ya jawo masa ƙiyayya, har ana ba da labarin cewa an tilasta masa jefa rubuce-rubucensa a kogin Indrayani. Ya koyar da cewa asali ba ya ɗaukaka mutum a wajen bauta, cewa mutumin kirki shi ne mai rungumar wanda aka wulaƙanta, kuma a nemi dukiya ta hanya mai tsabta a kashe ta ba tare da ta mallaki zuciya ba.

Waƙarsa ana kiranta abhanga, kuma gininta ne sirrin daɗewarta. A sigar da aka fi sani, baiti ƙwar huɗu ne: ɗango uku na farko gaɓa shida-shida, na huɗu gaɓa huɗu, ɗango na biyu da na uku suna amsa-amo ɗaya. Gajarta irin wannan ko wanda bai iya karatu ba zai haddace. A baitin ƙarshe yakan sa hatiminsa da cewa "Tuka ya ce". To a nan matsala take, domin hatimin da kowa zai iya furtawa kowa zai iya aronsa. Waƙoƙin da ake jingina masa sun haura 4,000, kuma masana na tantance su ne ta hanyar gwada su da tsofaffin kwafi, musamman na almajirinsa Santaji Jagnade, mai sana'ar matsar mai, wanda ya riƙa rubuta su.

Sai kuma tattakin shekara-shekara. Mabiyansa na tashi daga Dehu da ƙafa zuwa Pandharpur, garin ziyararsu, tafiyar kusan kilomita 250 cikin kimanin mako uku, a watan Yuni ko Yuli. An kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace da jagoran waƙa da masu amshi. Yaro ya ji baiti ɗaya sau ɗari a hanya, ina zai manta?

Mu ma muna da makamancin wannan. Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata masu yawon koyarwa, ƙauyuka suna koya wa mata waƙoƙin wa'azi da ka, kuma mawaƙanmu na ajami sukan rufe waƙa da ramzi, wato shekarar da aka yi ta cikin haruffa. Ramzi ya fi hatimin Tukaram amfani, amma shi ne baitin da mai rerawa ya fi saurin yarwa, don ba ya gane ma'anarsa. Da an yar da shi, sai a jingina waƙar ga duk malamin da ya fi suna.

Don haka ina kira ga malaman Hausa na makarantunmu, daga Gwandu zuwa Jega da Argungu. A naɗi muryar tsohuwa tun daga basmala har ramzi, ba tare da katse ta ba. A rubuta wanda ya koya mata da garin da ta koya. A nemi aƙalla baki uku kan waƙa guda, a jera su ɗango da ɗango. Inda karin waƙa ya karye, galibi nan aka yi ƙari ko ragi. Takardun ajami kuwa a ɗauki hoton kowane shafi a inuwa mai haske, har da na ƙarshe, kada a ajiye su cikin jakar leda, domin leda na riƙe danshi, tawada ta narke, shafuka su manne. A ɗaga su daga ƙasa saboda gara, tun kafin damina ta sauka.

Wassalam.

Mai koyar da adabi,
Birnin Kebbi