Amsa Ga Ɗan'uwanmu Na Terminus, Jos: Linux Ɗinka Lafiyarsa Ƙalau

Assalamu alaikum Malam.

Ka yi tambaya a bainar jama'a, a nan za mu amsa. Ka ce sabar Windows ce ke raba lokaci a cibiyarka, kwamfutocin Windows suna binta, amma masu Linux sun ƙi, agogonsu kullum sai ƙara zamewa yake yi, akwai kuma wata kwamfutar Linux da tazarar agogonta awa ɗaya ce cif.

Fara da buga chronyc sources a ɗaya daga cikin masu Linux ɗin (wannan umarni ne na chrony, manhajar da ke daidaita agogonsu), ka dubi lambar da ke ƙarƙashin Reach. In sifili ce, saƙon ma ba ya isa: buɗe ƙofar UDP 123, wadda saƙon NTP (tsarin daidaita lokaci tsakanin kwamfutoci) ke bi, a katangar tsaron sabar. In kuwa ka ga 377 amma alamar tambaya na nan a farkon layin, to amsa tana zuwa, chrony ne bai yarda da ita ba.

Kuma da gaskiyarsa. Duk sabar lokaci tana faɗin iyakar kuskuren da agogonta zai iya yi. Windows da ke dogaro da agogon cikinsa kaɗai yakan ce nasa ya kai daƙiƙa 10, chrony kuwa ba ya karɓar abin da ya wuce 3. Buga w32tm /query /source a sabar. Muddin ta ce Local CMOS Clock, wato agogon cikinta take bi, ka kama ɓarawon.

Hanyar gaggawa ita ce ka ƙara maxdistance 16 a cikin chrony.conf, fayil ɗin saitin chrony, don ɗaga iyakar nan daga daƙiƙa 3 zuwa 16, ka sake tayar da chrony. Zai yi aiki, amma mu a ganinmu rufa-rufa ce, don agogon da ƙaramin batirin CR2032 ke riƙewa duk sanda aka ɗauke wuta ba abin da za a jingina cibiya guda a kansa ba ne. Gara ka ba sabar madogara daga waje:

w32tm /config /manualpeerlist:"pool.ntp.org,0x8" /syncfromflags:manual /reliable:yes /update

sannan w32tm /resync. Kada ka manta da 0x8 ɗin nan, shi ke sa Windows ya tambayi lokaci a matsayin mai karɓa.

Sai batun kwamfutar da ka ce tazararta awa ɗaya ce cif. Wannan ba ruwan NTP. Najeriya tana gaban UTC, wato daidaitaccen lokacin duniya, da awa ɗaya ne, don haka yankin lokacin kwamfutar za ka gyara: timedatectl set-timezone Africa/Lagos.

A gaida yaran cibiya. Wassalam.