Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Kula Da Dabbobi Da Kifi Na Jihar Sakkwato

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa.

Ni ba Basarke ba ne, wato masunci na gado, ban kuma gaji su ba. Malamin makaranta ne ni, amma duk Asabar nakan ɗauki fatsata in nufi bakin ruwa don in sha iska. Irina sun yi yawa yanzu, musamman samari masu babura: yau tafkin Kware, wani satin dam ɗin Goronyo, wani lokacin har Wurno. Laifinmu na zo in faɗa maka, na yaɗa baƙon kifi da ciyawa daga wannan ruwa zuwa wancan, tun da ni ma ina ciki.

Mukan kamo ƙananan kifi masu rai a bokiti don maƙala wa ƙugiya. In yamma ta yi, sai mu juye ragowar a ruwan da muka tarar, har muna ganin tausayi muka yi. Taruna irin su birgi da koma kuma a jiƙe ake naɗe su, da ciyayi da ƙwai a maƙale, a kai su wani tafkin. Ba mai tambayarmu daga ina muke.

Giwan ruwan nan da muke taƙama da shi a Argungu, a wurinmu ɗan gida ne. Amma da aka zuba shi a tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka a shekarun 1950, sai ya cinye ɗaruruwan nau'in ƙananan kifin da ya tarar. Ga kuma baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo Najeriya ta wajen Badagry a 1984 ta kai har Kainji. Guntunta ɗaya ya isa, don cikin kamar mako 2 takan ninka kanta. Wanda kuwa ya ga yadda kacala ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru ya san yadda ciyawa ke korar masunci da manomi lokaci guda. Gulbin Rima ba shi da wani laƙani da zai hana shi ganin haka.

Abin da nake roƙo ba mai cin kuɗi ba ne. A ba kowane Sarkin Ruwa littafi guda, ya riƙa rubuta wanda ya zo, da ruwan da ya baro, da kayan da ya riƙo. Su ne suka san kowace irin tarwaɗa da karfasa da ƙurungu na ruwansu, baƙon abu ba ya shige musu. In sun ga wani abu, a samu jami'in da za su kira, a aika samfurin cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Ta haka za a gane hanyar da ɓarna ta biyo tun ba ta yi nisa ba.

A kuma faɗa a rediyo cewa a daina juye bokiti, a wanke taru a shanya shi ya bushe ƙayau kafin a sauya ruwa. Rana dai Allah ya hore mana ita a Sakkwato.

Naka,
Wani mai fatsa daga Mabera.