Wasiƙar Godiya Ga Sashen Gashin Ƙashi Na Asibitin Koyarwa Na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga shugaban wannan sashe da dukkan likitoci da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode muku bisa ɗawainiyar da kuka yi da ni a lokacin da nake jinyar sankarar mama, musamman a kan gajiyar da ta kusa fin ciwon kansa takura mini. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a saboda yaba kyauta tukwici ne, kuma na tabbata akwai mata da yawa a cikin birnin Kano da ke kwance yanzu haka cikin irin halin da na shiga.

Wanda bai taɓa shiga wannan gajiya ba, da wuya ya fahimce ta. Gajiyar aiki barcin dare yana wanke ta, amma wannan sai mutum ya kwana ya wayi gari jiki a mace kamar bai runtsa ba. Bayan an yi mini tiyata aka fara ba ni maganin kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara, sai da ta kai ina dafa bango kafin in miƙe daga sujada, tuƙin tuwo kuwa ba a ma zancensa. Duk wanda ya zo dubiya, cikin ƙauna da tausayi, abu ɗaya yake faɗa: "Sannu, ki kwanta ki huta."

A wurinku na fara jin bayanin da ya kwanta mini a rai. Likitar da ta karɓe ni ta nuna mini cewa magani yana rage jini, yana dagula barci, yana kashe sha'awar abinci, ga kuma damuwar zuciya. Amma ta ƙara da cewa yawan kwanciya yana da nasa kason, domin tsokar da ba a motsa ta takan saki, zuciya da huhu su daina sabawa da aiki, sai ƙaramin abu ya zama jan aiki, mutum ya ƙara komawa gado. Ta ce motsa jiki daidai ƙima yana daga cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu wajen rage wannan gajiya, ko da ana tsaka da karɓar magani.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuka auna komai da ƙarfina da kuma yanayin gidana. Sai da kuka duba sakamakon gwajin jinina da bayanin likitan da ke kula da ciwon kafin ku ce in ɗaga ƙafa. Daga nan muka fara da zagaye tsakar gida bayan sallar Asuba, kafin ranar Kano ta buɗe, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kun ba ni ma'auni mai sauƙi: in yi tafiyar da zan iya yin magana a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Burin da muka nufa shi ne wanda ƙwararru kan motsa jiki da ciwon daji suka fitar a Amurka a shekarar 2019, wato minti 30 sau 3 a mako, na tsawon aƙalla mako 12, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2 a mako.

Hannun da aka cire mini kaluluwar hammata shi na fi jin tsoron motsawa, domin na sha jin cewa ɗaukar ko da ƙaramin abu zai kumbura shi. Kun sanar da ni cewa wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna ɗaga nauyi a hankali, bisa kulawar masani, ba ya ƙara kumburin. Har yanzu akwai zanen alli a bangon ɗakina, inda nake tafiya da yatsu zuwa sama, 'yata tana sa alama a inda na tsaya. Bayan kafaɗa ta warware, sai muka koma ɗaga ƙaramar gorar ruwa. Kuma kasancewar mace ce ta riƙa duba ni ya ɗauke mini nauyi da kunyar da kan hana matanmu da yawa faɗin abin da ke damunsu.

Ba ku ɓoye mini iyakar abin ba. Kun ce in dakata duk ranar da na ji zazzaɓi, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko kuma gwaji ya nuna jini ya yi ƙasa sosai, sannan kun ja kunnena cewa wadda ciwon ya taɓa ƙashinta ba za ta kwaikwayi atisayen wata ba sai da shawarar likitanta. Gajiyar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta ragu ƙwarai, barcina ya daidaita, har na koma aji ina koyar da ɗalibaina a tsaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai an gano wannan ciwo a jikin mata kimanin miliyan 2.3. Saboda haka ina roƙonku ku rubuta wannan bayani da Hausa a ƙananan takardu a riƙa raba wa majinyata, ku kuma kai shi gidajen rediyo, musamman a watan Oktoba da aka ware domin wayar da kai kan sankarar mama, ta yadda mazaje da surukai da 'yan dubiya za su ji shi daga bakinku.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci zuriyarku, Ya bai wa dukkan marasa lafiya sauƙi.

Wassalam,
Wata majinyaciyarku, malamar makaranta daga unguwar Gwammaja, Kano.