Takardar Koke Kan Toshewar Hanji Bayan Aikin Tiyata

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka, limamai da masu unguwanni da ungozomomi da iyayen gida, mun kawo kukanmu gabanka kan wani ciwo da ke ɗaukar mana mutane bayan an sallame su daga asibiti, har an gama zuwa yi musu barka da arziki.

Yawancinsu waɗanda aka taɓa buɗe wa ciki ne: matar da aka yi wa aiki wajen haihuwa, yaron da taifot ta huda wa hanji, magidancin da aka yi wa aikin gwaiwa ko afendis. Likitoci sun bayyana mana cewa ɗinkin waje yana warkewa, amma daga ciki tabo yakan yi zare-zare ya manne hanji da hanji, ko hanji da bangon ciki. Wata rana zaren ya shaƙe hanjin, abinci da iska su rasa hanyar wucewa. Yana iya faruwa bayan makonni, yana iya jira shekaru. Ba lallai sai likita ya yi sakaci ba, ko a hannun gwani yana faruwa. Abin da ya dame mu shi ne ana sallamar mutum ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa.

Don haka idan cikin ya fara murɗawa yana saki, ya kumbura, amai ya biyo baya har ya koma kore, bayan gida ya tsaya, ko iska ba ta fita, sai gida a ce cushewar ciki ce. A jiƙa filasko, a ba da kanwa, a dama kunu a ce sai ya daure ya sha. Daga nan sai kemis, a yi allurar kashe zafi, ciwo ya lafa na dare ɗaya. Allah ya ja zamaninka, maganin wanke ciki a kan hanjin da ya toshe ƙara masa matsi yake yi. Wanda aka kai da wuri, sau da yawa ƙarin ruwa da robar da ake zurawa ta hanci zuwa ciki da dakatar da ci sukan warware abin ba tare da an sake yanka ba. Amma idan jini ya daina isa hanjin, cikin sa'o'i yake fara ruɓewa, sai an yanke shi, wani kuma ba ya tashi. Mun yi jana'izar masu jego a wannan hali, jarirai suna hannun kakanni.

Akwai kuma magungunan da ake ba mai ciwo. Tiramol da kodin suna rage motsin hanji, kuma duk da haramcin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa maganin tari mai kodin a 2018, ba su ɓace daga lungunanmu ba. Diklofenak da ake sha ba a ci abinci ba yana jawo gyambon ciki, har bayan gida ya koma baƙi saboda jini.

Roƙonmu na farko, ranka ya daɗe, shi ne ka ba da umarni a faɗi alamomin toshewar hanji da muka lissafa a masallatan Juma'a da wuraren suna da makarantun Islamiyya na matan aure, da bakin ma'aikacin lafiya, a kuma nanata cewa mai tabon aiki a ciki idan ya ga haka kada a ba shi komai ta baki, a wuce asibiti. Maganarka tana isa inda takarda ba ta isa.

Muna kuma roƙon ka isar wa Shugaban Ƙaramar Hukuma cewa duk asibitin da ya yi wa mutum aiki ya ba shi takardar sallama mai bayanin irin aikin, a karanta masa da Hausa a gaban mai jinyarsa. A tanadar mana motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki, domin da dare shatar mota zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ta fi ƙarfin talaka. A tunatar da asibitoci cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin karɓar mai ciwon gaggawa bisa kowane dalili, har da rashin kuɗin ajiya.

Akwai ɗakunan da ake yanka mutane a cikinsu, ba mu san ko masu su likitoci ne ba. Ka gayyato hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu ta zo ta duba takardunsu. Masu unguwanni a shirye suke su nuna wuraren.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Limamai, masu unguwanni, ungozomomi da iyayen gida na wannan gunduma.