Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Batun Fensiran Kala da Baje Kolin Zane

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da masu riƙon yara, barkanmu da war haka, ya muka ji da zafin Jidda? Abin da ya sa na rubuto tun wata bai ƙare ba shi ne baje kolin zanen da za a yi ranar Alhamis ta ƙarshe kafin hutu, da kuma halin da kayan aikin yaranmu suke ciki.

Tun farkon zango aka aiko muku da takarda cewa kowane ɗan aji biyar da aji shida ya zo da kwalin fensiran kala da littafin zane mai kaurin takarda. Wasu sun cika, Allah ya saka da alheri. Wasu kuwa sun biya ta shagon abu riyalain, na kayan araha, sun ɗauko abin da hannu ya fara taɓawa. Irin wannan fensir kaki ya fi launi yawa a cikinsa, yaro zai yi ta dannawa har takarda ta huje, kalar ba ta fito ba. Ba mu ce ku sayi Polychromos mai launi 120 ba, wannan na masu sana'a ne. Kwalin 'yan makaranta mai guda 24, na Faber-Castell ko na Staedtler, kamfanonin Jamus, ana samunsa a kantin littattafai na Jarir da maktabobin unguwa. Ya isa, har ƙani ya gada. Takarda kuma a duba bangon littafin a ga an rubuta gram 160 ko fiye. Ta ofis mai gram 80 ba ta da jiki, ana ɗora mata launi biyu uku take ƙin karɓa.

Dole in yaba wa Ustaza mai koyar da zane. Da ta karɓi ajin nan, yaranmu in za su zana fuska, ko dai su ɗauki fensirin nan mai ruwan hoda-hoda da suke gani a katun, ko su danna baƙi su cika fuskar ta koma gawayi. Sai ta zaunar da su kusa da taga, kowa da ƙaramin madubi, ta ce ya ƙirga mata launukan da yake gani a kumatunsa. Nan suka gane cewa fatarmu, ta baƙi ce ko ta wankan tarwaɗa, akwai ja a ciki, akwai ruwan lemo, goshi yana ɗauko hasken sama ya yi shuɗi-shuɗi, ƙarƙashin haɓa kuma ya karkata zuwa shunayya.

Ga yadda take bi da su, don in kun ga yaro a gida yana ta shafa abin da kamar ba ya fitowa kada ku ce wasa yake yi. Ana fara fitar da siffa da layi mara nauyi. Ido a tsakiyar kai yake, ba can sama kusa da gashi ba inda yara ke son kai shi. Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne, kunne kuma daga gira zuwa ƙasan hanci. Sai a tsayar da gefen da haske ke fitowa, kuma ba a sake shawara. Daga nan a shimfiɗa launi mafi haske, a riƙe fensir daga can baya yadda hannu ba zai iya dannawa ba, ana juya shi ƙananan da'irori. A ɗora ruwan ƙasa mai ja-ja, a ƙara, a sake ƙarawa, kamar aikin marina a Ƙofar Mata da ba tsomi ɗaya ke kawo duhun baba ba. Inuwar gefen hanci da ƙarƙashin leɓe da wuya, shuɗi mai duhu ko shunayya ake ɗorawa kan ruwan ƙasar. Baƙi sai ƙwayar ido da ƙofar hanci. Wurin da ke ƙyalli, kamar karan hanci da ɗigon haske a ido, tun farko ake barinsa, domin fensirin kala ba ya goguwa tas kamar na rubutu. Sai a ƙarshe ake danna fensir mai haske, ko wanda ba shi da launi ko kaɗan, a murje launukan su saje. Da an yi wannan ramukan takardar sun toshe, ba ta ƙara karɓar komai. Wanda ya yi gaggawar murjewa ya rufe wa kansa ƙofa. Murza da yatsa kuwa Ustaza ta hana, maiƙon hannu ne kawai ke ɓata takarda.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai. Akwai zanukan da aka dawo da su da hannun manya a ciki. An bi gira da biro, an cike gemun kaka da baƙi, furfurar da yarinya ta yi ta lallaɓawa ta tafi. Mun san hannun yaranmu. Duk zanen da aka gyara a gida ba zai hau allo ba, kuma kada a zo mini da magiya.

Wasu iyaye sun zo ofis kan hukuncin zana mai rai. Akwai hadisai a kai, malamai sun yi bayani, kuma ba a teburina za a yanke maganar ba. Ba mu tilasta wa kowa. Yaron da gidansu ba su yarda ba zai zana dalla, wato butar gahawa, da faranti na dabino, ko rawashin, tagogin katakon nan na Balad, tsohuwar unguwar Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Haske da inuwar duk ɗaya ne, maki ma ɗaya. A rubuto mana kafin Lahadi. Yaron da na ji ya yi wa ɗan'uwansa gori kan wannan, ta kowane ɓangare, ni da shi ne.

Wanda zai kwaikwayi hoto ya kawo nasa ko na kakansa namiji, da izinin mai gida. Ranar baje kolin kowa ya ɗauki hoton aikin ɗansa kawai, ban da yaran mutane. Kun san dokar ƙasar nan ta 2007 kan laifukan intanet ba ta wasa da ɗaukar hoton wani da waya ba da yardarsa ba.

Kada a bar kwalin a mota da rana, kakin yana laushi. Kada a bari ƙanana su yi jifa da shi, cikin fensir yana karyewa ko da bayansa lafiya lau, sai an zo fiƙewa ya yi ta zubewa. Reza ba ta shiga makarantar nan, mun sha faɗa.

Sauran batutuwa: waɗanda takardar izinin zama (iƙama) ta 'ya'yansu ta sabunta su kawo kwafi. Bas na tashi a kan lokaci, direba ba zai ƙara yin hon a ƙofar kowa ba. Masu ragowar kuɗin zango sun san kansu. Muna taya 'yan ajin hadda murnar kammala izu goma, da malaminsu da ba ya gajiya.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Wassalam,
Shugaban Makaranta