Turaren lemun tsami mai araha da ranar Garwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da masu sayar da turare a Garwa, da mu mata da muke zuba musu kuɗinmu.

Ni tela ce a unguwar Yelwa. Tun tasowata turarena bai wuce humrar da mahaifiyata ke haɗawa da farce da sandal ba, sai Bintu Sudan, wadda tun 1920 take yawo a hannun mata har ta iso kan kakanninmu. Ana saura mako biyu azumi ƙanwata ta ja ni babbar kasuwa, wai sai na ga wani sabon yayi da ake kawowa daga Dubai, turaren lemun tsami mai zaƙi. Ƙaramar kwalba ce, sefa dubu uku. Mai tebur ya fesa mini a bayan hannu. Wallahi kamar an kankare ɓawon lemo a kan kek mai zafi, har sai da yawu ya tsinke mini. Ya ce, "Hajiya, wannan har gobe da safe yana jikinki." Ban ko taya ba na biya.

Kafin ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar shago, lemon ya tafi. Abin da ya rage wani ƙamshi ne mai ɗumi, na banila da sukarin da aka narka za a yi alawar gyaɗa. Raina ya ɓaci, na ce an sayar mini da jabu.

Ɗan yayata, wanda ke karatun kimiyyar haɗa sinadarai a Jami'ar Ngaundere, shi ya kwantar mini da hankali da ya zo hutu. Ya shinshina kwalbar ya ce, "Inna, ba a cuce ki a nan ba, halin lemo ne." Ya ce man da ke cikin ɓawon lemo, wanda yawancinsa wani sinadari ne da ake kira limonen, ba shi da nauyi, shi ya sa yake fara tashi ya bi iska, ko a kwalbar dubu uku yake ko a ta dubu ɗari. Banila da sinadarin nan mai ƙamshin ƙonannen sukari, etil maltol, su ne masu zama. Irin wannan turare mai ƙamshin kayan zaƙi Faransawa ke kira gurman, kuma ya yi tashe ne tun 1992 da Thierry Mugler, wani Bafaranshe mai tsara tufafi, ya fitar da turarensa mai suna Angel. To idan a ƙasar sanyi ma lemo ba ya daɗewa, ina ga Garwa a watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40?

Daga nan na daina fushi da kwalbar, na koma koyon zama da ita. A fata da rana tsaka ba ta yi mini, don zaƙin yakan haɗu da gumi ya yi nauyi har ya hau mini kai. Amma idan na turara mayafi da gajiji da sandal, na bar shi ya huce, sannan na fesa sau biyu daga nesa bayan magariba, lemon yakan ɗan jima, zaƙin kuma ya kwanta a kan hayaƙin kamar dama tare aka haɗa su. Ranar Sallah mata uku suka tambaye ni wace ce ta haɗa mini humra. A ganina kwalbar ta ci kuɗinta.

Kukana yana kan yadda ake sayar da shi. Me ya sa za a ce wa mace lemon zai kwana a jikinta, alhali mai faɗar ya san ba haka ba ne? Da ya ce mini in zagaya layin 'yan yadi in dawo bayan rabin awa in sake shinshina hannuna, da na san ainihin abin da nake saya, kuma da na saya ɗin. Haka nan rubutun da ke jikin kwali, ba kowa ke bayyana shi ba. Wanda aka rubuta eau de toilette man ƙamshinsa bai kai na eau de parfum ba, wanda yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, amma a wasu tebura farashinsu ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shanya kwalabe a rana. Na koma sayen ta biyu don 'yar maƙwabciyata da za a aurar, na tarar da su jere a faranti tun hantsi, ka taɓa kwalba kamar ka taɓa butar shayi. Ruwan ciki ya yi duhu, da na fesa kuma sai wani tsami-tsami mai kama da warin fenti. Zafi da haske suna lalata man lemo tun kafin ya isa hannun mai saye, sai yarinya ta kai ɗakin miji ta ce turaren banza ne. Na fasa saya, na je wani shago da ke ajiye nasa cikin kwali a inuwa, na ƙara ɗari biyar.

'Yan'uwana masu tebur, mun san ku ma abincin iyali kuke nema, kuma ba kowa ke da halin kama shago ba. Ku ajiye kwalba ɗaya ta gwaji a sama, sauran ku bar su cikin kwalinsu a ƙarƙashin tebur, ku rufa musu buhu. Idan mace ta ce za ta je ta dawo, ku bar ta ta je.

Wassalam.

Wata tela,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru